Yadda Ake Kare Dashen Dakwara, Bagaruwa da Ɗorawa Daga Tururuwa da Sauran Ƙwari

Masana tsirrai sun haɗa dakwara, da bagaruwa, da gawo, da ɗorawa, da farar ƙaya, da ƙirya a cikin dangi guda da suke kira dangin mimosa, kuma ana gane su da ganyensu mai ƙananan 'ya'ya jere kamar gashin tsuntsu, da kwanson da suke zuba iri a ciki. Da yawa daga cikinsu suna da wani ɗan ƙullutu a sandar ganye wanda ke tsattsafo da ruwa mai zaƙi, kuma wannan ruwan shi ne ke jawo tururuwa da kiyashi ko da itacen lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ganin tururuwa a jikin waɗannan itatuwa ba ya nufin an shiga uku. A gabashin Afirka ma akwai ɗan'uwan farar ƙaya da tururuwa ke zama cikin kumburarrun ƙayoyinsa, suna cizon raƙumin dawa da giwa idan suka zo cin ganye.

Matsalar tana farawa ne idan tururuwar ta samu wata saniyar tatsa a kan itacen, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye suna zubar da darɓa. Tururuwa na shan darɓar, tana kuma tsare ƙwarin daga masu cin su, har takan ɗauke su ta kai su sabon toho. Wanda ya kashe tururuwa kawai ya bar masu tsotso, aikinsa zai dawo baya cikin mako biyu. Wanda kuma ya kashe masu tsotso ya bar wa tururuwa hanya, ita za ta sake kawo wasu. Na shafe shekaru ina renon dashen waɗannan itatuwa a leda kafin a kai su gona, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda nake haɗa ayyukan biyu, sannan na taɓo gara da sauran maɓarnatan da ke kashe dashe.

Kayan aiki

Za ka buƙaci injin feshi na goyo, ko kuma ƙaramar gorar feshi ta hannu idan dashen bai wuce ashirin ba. Wanda ba shi da ko ɗaya zai iya amfani da sabuwar tsintsiya mai laushi yana tsomawa a bokiti yana yarfawa, sai dai dole ne ya riƙa ɗaga ganyen da hannu domin ruwan ya sami ƙarƙashinsa. Kada a yi amfani da injin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a cikinsa, domin ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya ƙone dashe.

Sai bokiti mai cin lita 10, da ƙyalle mai laushi na tacewa, da turmi da taɓarya waɗanda ba a daka abinci a ciki, da wuƙa mai kaifi ko almakashin aske itace, da tsohon burushin haƙori, da guntun waya mai lanƙwasuwa. Don ɗamarar da za a yi wa itacen, a tanadi tsumma ko auduga, da leda mai kauri, da zare ko robar tayar keke, da giris. Daga cikin kayan haɗi kuwa, a nemi 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, da sabulun wanki na sanda ko sabulun salo, da tokar murhu busasshiya wadda aka tankaɗe. Farar takarda ko farin buhu ma na da amfani wajen bincike. Idan akwai safar hannu da takunkumi a sa su, domin ruwan darbejiya na da ɗaci, yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi a ido.

1. Ka fara da duba itacen kafin ka haɗa komai

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ka tsaya a gindin itacen ka bi jerin tururuwar da ido daga ƙasa har inda ta tsaya. Idan ka ga tana warwatse, tana yawo daga ganye zuwa ganye, ganyen kuma kore ne shar babu danƙo, to ruwan zaƙin itacen kawai take sha, ka ƙyale ta. Tana ma kwashe ƙwan tsutsa a hanya. Idan kuwa ta yi cincirindo a kan toho ɗaya ko a mahaɗar reshe, sai ka lanƙwaso wurin a hankali ka juya ganyen.

Abin da za ka gani ba zai wuce ɗaya daga cikin huɗu ba. Akwai ƙwarin darɓa irin waɗanda manoma suka sani a jikin wake da dawa, ƙanana masu laushi, baƙaƙe ko koraye, a cunkushe a kan toho. Akwai wasu farare da ke kama da ɓarɓashin auduga ko gari, suna ɓuya a mahaɗar ganye da gindin ƙaya. Akwai waɗanda ke manne a jikin reshe kamar ƙuraje masu ruwan ƙasa, ba sa motsi ko kaɗan, har mutum ya ɗauka ɓawon itacen ne. Ka sa farce ka ɓamɓaro ɗaya, idan ƙarƙashinsa da damshi to yana da rai. Na huɗu wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu tsalle da ke kanannaɗe sabon toho, kuma hanyar gane su ita ce ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka ɗan buga shi, za su zubo a kai.

Wanda ya yi haƙuri ya zuba ido minti biyu zai ga yadda abin yake. Tururuwar za ta zo bayan ƙwaron darɓa ta riƙa shafa shi da 'yan gashin kanta guda biyu, sai wani ɗigo mai sheƙi, wanda bai kai kan allura ba, ya fito, ta shanye ta matsa kan na gaba. Ɗigon da ya kuɓuce mata shi ne ke faɗowa a ganyen ƙasa ya yi danƙo, daga baya wani baƙin abu kamar kunkunniya ya tsiro a kansa ya toshe wa ganyen hasken rana. Wannan baƙin ba ya shiga cikin ganyen, kuma da zarar darɓa ta tsaya zai bushe ya ɓare da kansa.

Ka kuma lura da irin tururuwar. Manyan baƙaƙen da ke yin hanya a fili suna jan hatsi zuwa rami ba kasafai suke kiwon ƙwari ba, ɓarnarsu ita ce kwashe irin da aka shuka. Kiyashi da sauran masu son zaƙi su ne makiyayan. A wuraren da suka fi ruwa, inda ake samun jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a sama, ni ba na taɓa ta, domin a Benin da Gana masu gonar mangwaro da yazawa suna barinta da gangan saboda tana korar ƙwarin da ke lalata 'ya'yan itace.

2. Ka yanke abin da ya lalace, ka wanke sauran

Tohon da ƙwari suka lulluɓe gaba ɗaya ba shi da sauran amfani. Ka yanke shi da wuƙa mai kaifi kaɗan sama da mahaɗar ganye mai lafiya, ka jefa shi kai tsaye cikin bokiti ko leda, kada ka yar a gindin itacen domin tururuwa za ta kwashe ƙwarin ta mayar da su sama. A ƙone abin da aka yanke ko a binne shi da zurfi. A dashe ƙarami kada yankan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda.

Masu mannewa kamar ƙuraje ba sa jin feshi sosai saboda ɓawon da suka rufa da shi, don haka sai an goge su da burushi da ruwan sabulu. Aiki ne mai cin lokaci, musamman a jikin dakwara mai ƙaya uku-uku masu kama hannu, amma a dashen da bai wuce tsayin mutum ba babu abin da ya kai shi tasiri. Bayan gogewa ka watsa wa itacen ruwa zalla da ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama.

3. Ka datse wa tururuwa hanya

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa sauran aikin ya ɗore. Da farko ka kewaya itacen ka nemi duk wata gada da tururuwa za ta bi ba tare da ta taka gindin ba: reshen da ya taɓa katanga ko danga, ciyawar da ta yi tsayi ta jingina da shi, sandar da aka kafa don tallafa wa dashen, igiyar shanya, da ƙayar da aka kewaye shi da ita saboda awaki. Duk a janye su ko a datse. Gada ɗaya da aka manta ta isa ta ɓata aikin.

Sannan ka zaɓi wuri mai santsi a jikin itacen, kamar tsayin gwiwa daga ƙasa. Ka naɗa tsumma ko auduga mai faɗin tafin hannu domin ta cike tsagogin ɓawon, tunda bagaruwa da ɗorawa suna da kaushin da kiyashi zai iya bi ta ƙarƙashi. A kan tsumman ka naɗa leda mai kauri sau biyu, ka ɗaure sama da ƙasa da roba, ɗaurin da zai riƙe amma ɗan yatsa zai iya ɗan motsa shi. Daga nan ka shafa giris a tsakiyar ledar ya kewaye ta ba tare da giɓi ba, faɗin yatsu uku, ka bar gefunan babu komai domin kada ya narke ya gangaro.

Giris ko baƙin mai ba sa taɓa ɓawon itace kai tsaye. Na koyi wannan ne da asara. A farkon fara aikina na shafa wa dashen ɗorawa guda shida baƙin mai a jikinsu saboda na ga wasu na yi wa manyan itatuwa haka, kuma tururuwar ta daina hawa kamar yadda nake so. Bayan wata guda ɓawon wurin ya yi laushi ya yi baƙi, na sa farce sai ya saluɓe kamar fatar ƙuna, huɗu daga cikinsu suka bushe daga nan zuwa sama. Ɓawon dashe siriri ne, man na ratsa shi ya kashe jijiyoyin da ke kai abinci ga saiwa. Ɗorawa kuwa itace ne mai jinkirin girma, shekara biyu na reno suka tafi a banza.

A duba ɗamarar kowane kwana uku ko huɗu. A lokacin hunturu ƙura na rufe giris cikin 'yan kwanaki, ganye da gawar ƙwari ma sukan maƙale su zama gada, sai a kankare a sake shafawa. Bayan mako shida zuwa takwas a kwance ta gaba ɗaya a bar wurin ya sha iska, idan da bukata a sake ɗaurawa a wani gurbi sama ko ƙasa. Ɗamarar da aka manta shekara guda takan shaƙe itacen yayin da yake ƙiba.

Dashen da ke cikin leda bai kai a yi masa ɗamara ba. Idan an jera shi a kan benci, a sa ƙafafun bencin cikin gwangwanaye masu ruwan sabulu, a riƙa canza ruwan duk kwana uku saboda sauro. Idan a ƙasa yake, a kewaye jerin da toka mai kauri, amma a sani cewa raɓa da ruwan ban-ruwa na kashe ƙarfinta, sai an riƙa sabuntawa. Ledar da tururuwa ta yi gida a cikinta, wadda za ka gane da ƙasar da ke tasowa gari-gari a sama, a nitsar da ita cikin bokitin ruwa mai ɗan sabulu na kimanin minti 15, a fitar a bar ta ta tsane, washegari a ba ta ruwa zalla.

4. Ka haɗa ruwan darbejiya ka yi feshi

A tsinto 'ya'yan darbejiya da suka nuna suka faɗo, a murje naman jikinsu a ruwa, a shanya a inuwa har su bushe sarai. Duk wanda ya yi funfuna a jefar. A ɗan sussuka su a turmi domin ɓawon ya fashe, a sheƙe, sannan a daka ƙwayar cikin ta yi laushi. Ma'aunin shi ne rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a ruwa lita 10. Ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ka zuba a gwangwani ka yi masa alama, daga nan ba ka sake bukatar sikeli. A jiƙa da yamma a bar shi ya kwana, washegari a tace da ƙyalle sau biyu domin kada tsaki ya toshe bakin injin, sannan a narkar da guntun sabulu kamar girman akwatin ashana a ɗan ruwan ɗumi a zuba a gauraya. Sabulun shi ke sa ruwan ya kama jikin ganye, yana kuma lalata fatar ƙwari masu laushi.

Idan ba lokacin 'ya'ya ba ne, a daka ɗanyen ganyen darbejiya kilo ɗaya a jiƙa a ruwa lita 5, sai dai bai kai ƙwayar ƙarfi ba, don haka a yawaita feshin. Idan man darbejiya aka samu, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya na ruwa ya isa, amma sai an fara kaɗa shi da sabulu kafin a zuba ruwa, in ba haka ba zai taso sama ya ƙone ganyen da ya fara sauka a kai. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya yi amfani da ruwan sabulu kaɗai. A guji garin sabulun wanki mai kumfa da masu ɗauke da bilic, domin suna babbake ƙananan ganyen waɗannan itatuwa.

A yi feshin da yamma bayan la'asar sakaliya, saboda hasken rana na kashe sinadarin darbejiya da sauri, kuma ganyen da aka jiƙa da sabulu a tsakar rana yakan ƙone. A fara gwadawa a reshe ɗaya a jira kwana biyu, musamman ga dakwara da gawo masu ƙananan ganye. Idan babu ƙuna, a fesa dukan itacen, a mai da hankali ga ƙarƙashin ganye, da kan toho, da mahaɗar rassa, har ruwan ya fara ɗiga. Abin da aka haɗa a ƙarar da shi a ranar.

Darbejiya ba ta kashe ƙwaro nan take. Tana hana shi cin abinci ne, tana kuma hana ƙananan su girma su hayayyafa, shi ya sa masu gaggawa kan ce ba ta aiki. A maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai har sau uku, sannan a koma mataki na farko a sake dubawa. A wannan dubawar za ka iya ganin wasu 'yan ƙwari masu zagayayyen baya mai ɗigo-ɗigo, da gizo-gizo, da ƙoƙi-ƙoƙi. Waɗannan su ne masu cin ƙwarin darɓa, kuma da zarar tururuwa ta daina korarsu sukan ƙarasa aikin da kansu. Idan sun bayyana da yawa, ni nakan dakatar da feshi.

5. Gidan tururuwar

Ba kowane lokaci ake bukatar taɓa shi ba. Idan ramin yana nesa da itacen, fiye da taku biyar, ana iya tona shi da fartanya a zuba tafasasshen ruwa da sassafe lokacin da suke ciki. Idan a gindin dashen yake, tafasasshen ruwa da kananzir duk haramun ne, domin saiwar za su dafa. A riƙa tona saman ƙasar a hankali ana jiƙa ta sosai 'yan kwanaki a jere, ana barbaɗa tukar darbejiyar da aka tace, za su tashi da kansu. Irin da aka shuka a fili kuwa, a rufe shi da ƙasa sosai a danna, kada a bar ko ƙwaya ɗaya a sarari.

6. Gara

A ganina gara ta fi tururuwa kashe dashe nesa ba kusa ba, kuma ita ba ta yin gargaɗi. Dashen da yake kore jiya sai ka tarar ya yi yaushi, ka ja shi ya fito babu saiwa, ko ka ga rufin laka ya hau jikinsa, ka kankare ka tarar an cinye ɓawon. Ta fi kama dashen da ƙishirwa ta galabaitar, shi ya sa ɓarnar ke tsananta daga ƙarshen kaka zuwa bazara a shekarar farko.

Rigakafin yana farawa tun daga ramin dashe. A tsince duk wani tsohon kututture, da guntun kara, da busasshiyar saiwa daga cikinsa. Takin da za a zuba ya zama ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin shanu da ya bushe abincin gara ne. A gauraya ƙasar da toka cikin hannu biyu da tukar darbejiya idan akwai. A dasa bayan damina ta kankama domin saiwar ta nitsa kafin ruwa ya ɗauke, a yanke ledar da wuƙa a cire ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba, domin saiwar da ta ji rauni ita gara ke fara bi. Sandar tallafi ta busasshen kara ko itace mai laushi takan zama tsanin gara, gwamma a yi dashe babu ita idan iska ba ta yi yawa ba.

Ciyawar da ake shimfiɗawa don riƙe laima tana da amfani, amma a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da jikin dashen. Duk mako a duba gindin, a kankare rufin laka da hannu ko burushi, a zuba ruwan darbejiya lita ɗaya ko biyu a kewayen saiwar, a sake barbaɗa toka. Ban-ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin yana sa saiwa ta bi ruwa ƙasa. Surin da ke nesa a bar shi. Ba kowace gara ce ke cin ɗanyen itace ba, kuma ramukanta na taimaka wa ruwan sama ya ratsa ƙasa mai tauri.

7. Tsutsa, fara da masu huda itace

Tsutsar da ke haɗa ganye da zare kamar yanar gizo ta ɓuya a ciki, da gizaka mai gashi, a tsince su da sassafe ko a shimfiɗa buhu a girgiza reshen. Gizaka ba a taɓa ta da hannu tsirara. Idan sun yi yawa, ruwan darbejiya na aiki a kansu matuƙar suna ƙanana.

Fara kan yi wa dakwara tsirara, musamman babbar farar itace mai tashi da dare, wadda masu gonakin ƙaro a Sudan suka daɗe da sanin cewa tana rage ƙaron da itace ke bayarwa. A dashe kaɗan, kamawa da asuba lokacin da sanyi ya hana ta tashi ita ce hanya mafi sauƙi, tsohon gidan sauro kuma yana kare jerin ledoji. Idan gari guda ta mamaye, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a sanar da malaman gona. Kada a fesa guba a inda mutane ke kama fara don ci ko sayarwa.

Idan ka ga rami a jikin itace da garin itace a bakinsa ko a ƙasa, tsutsar wani ƙwaro ce ke cin cikinsa. A zura waya a bi ramin a soke ta, a ɗura ruwan darbejiya mai kauri, a toshe da laka. Reshen da ya riga ya mutu a sare shi a ƙone a ranar, kada a jingine shi a gonar. Masu tsaga dakwara don ƙaro su kula sosai a nan: ɓawon kawai ake ɗayewa siriri, idan ƙarfen ya shiga cikin naman itacen an buɗe wa waɗannan ƙwari ƙofa. Kada kuma a tsaga itacen da bai kai shekara huɗu ko biyar ba.

8. Irin da za a ajiye

Wani ƙaramin ƙwaro ɗan'uwan wanda ke huda wake yana saka ƙwai a kwanson bagaruwa, da gawo, da dakwara tun yana kan itace, tsutsar ta girma cikin ƙwayar ta fito ta bar zagayayyen rami. Saboda haka a ciro kwanson da zarar ya nuna maimakon tsintar wanda ya daɗe a ƙasa, a fasa a fitar da irin nan da nan, a zuba a ruwa a kwashe wanda ya taso sama a zubar, sauran a shanya ya bushe ƙayau. A gauraya shi da toka a zuba a kwalba ko jarka mai murfi a cika ta har baki, ko a buhun PICS da ake adana wake, domin rashin iska na kashe abin da ya rage. Kalwar da za a shuka kuwa, ya fi kyau a shuka ta a shekarar da aka same ta.

9. Idan dole sai an sayi maganin kanti

Akwai lokacin da gara ko masu tsotso ke fin ƙarfin duk abin da aka ambata, musamman a babbar gona. A kai samfurin ƙwaron ko reshen a leda wurin malamin gona domin ya faɗi maganin da ya dace, a sayi mai lambar rajista ta NAFDAC a Najeriya ko wanda hukuma ta amince da shi a ƙasar da ake, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar ba tare da ƙari ba. A guji wanda ake ɗurawa a kwalabe marasa suna a kasuwa, da tsofaffin magungunan gara irin su lindane, wanda yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin abubuwan da za a daina amfani da su tun 2009.

Ba a fesa kowane irin magani, har da darbejiya, a kan itacen da ke fure. Ƙudan zuma na dogaro da furen gawo a farkon rani lokacin da sauran itatuwa ba su da komai, tutun ɗorawa kuma jemagu da ƙudan zuma ne ke ɗaukar masa ƙurar fure har ya zama kwanso. A kuma tuna cewa ganye da kwanson gawo da bagaruwa abincin dabbobi ne, ɗorawa da ƙaro kuma na mutane, don haka a killace itacen da aka fesa har kwanakin da aka rubuta a kwalbar su cika, a wanke injin nesa da rijiya, a huda kwalbar da ta ƙare a binne ta.